Malam Lawal Bakanike da Motar Mahaifinmu

Ina ofis a sakatariyar Kusada yayana Sada ya kira ni ya ce Malam Lawal bakanike na Kankiya ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wata tsohuwar mota ce ta haɗa ni da shi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana ita, ƙirar Amurka, doguwar gaba, mai silinda takwas. Irin masu injekta ce na farko-farko, waɗanda ƙwaƙwalwar lantarki ke auna musu mai. Ƙwaƙwalwar ta ƙone, an neme ta har Kano ba a samu ba, motar ta koma makwancin kaji. Yaya Sada ya ce a ba 'yan gwangwan su yanka. Ni na ce ba a isa ba. Magana ta yi zafi har muka daina gaisawa, mu da muka tashi ɗaki ɗaya.

Da taurin kaina na sa aka jawo ta zuwa garejin Malam Lawal. Ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injin ga lafiya lau yake, mai ba shi abinci ne ya mutu. In ka yarda mani, in sa mashi kafireto. Za ta ƙara shan mai, ba ni ɓoye maka. Amma in ka taka, za ta amsa."

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ya cire injektocin, ya wanke su, ya naɗe a tsumma ya miƙo mini, don a cewarsa kayan marayu ne, ba a jefarwa. Ya canza bututun da ke raba wa silinda iska, ya sa famfon mai marar ƙarfi don kada kafireton ya shaƙe, ya sake tsarin wuta. Ba ya gaggawa, ba ya zagin ƙarfe. In noti ya ƙi, sai ya ɗiga masa mai ya tafi alwala.

Ranar da ya gama, na miƙa hannu zan karɓi makulli, sai ya jefa shi aljihu.

"Ina yayanka?"

Na ce ai ba ma magana.

"Na jiya. Amma motar uba, babba ke fara tada ta. Je ka kira shi, ni ina nan."

Na yi magiya, ya ci gaba da goge sifanarsa kamar da bango nake. Haka na tafi Kusada na tsaya a ƙofar Yaya ina sallama.

Ya zo yana cin magani. Malam Lawal ya dasa kofin ruwa a kan murfin kafireto, kamar yadda yake yi wa kowace mota, ya miƙa wa Yaya makulli ya ce ya murɗa. Injin ya yi tari, ya kama, ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashinmu. Malam ya kara kunne yana juya sukurun kafireton a hankali, ruwan yana tsalle, yana raguwa, har ya kwanta. Wannan rurin ne muke ji tun daga bakin gari muna yara, mu ruga buɗe ƙofa.

Yaya ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Da ya ɗago idonsa ja, ya tura ƙofar gefe ya ce, "Shigo, Bishir."

Malam Lawal bai ko dube mu ba. Kayan aikinsa yake kwashewa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Lawal, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka zama gatansu. 'Ya'yan da ya bari kuwa, ya Rabbi, Ka haɗa kansu, kada ɗayansu ya taɓa kwana yana gaba da ɗan'uwansa. Amin.