Azurfar Ghumur

Ghumur maƙerin azurfa ne a garinmu Timiya, ni kuma mai lambu. Tare muka taso, tare muka yi furfura. Shi bai taɓa yarda da kuɗin takarda ba. Duk sanda ya samu rara sai ya sayi azurfa, ya ƙera abin da ransa yake so, awarwaro ko abin wuya, ya jefa a jakar fata. Waɗannan ba na sayarwa ba ne. A cikinsu yake zuba duk gwanintarsa, domin babu mai tsaye a kansa yana gaggauta shi.

Nakan ce masa, "Kai maƙeri, wa kake wa ado, jaka?"

Shi kuma ya ce, "Kai dai ji da rummanka. Ran da hannu ya gaza, wannan ce gonata."

Da matarsa Tekna ta rasu, kayan adonta na azurfa ma ya haɗa ya zuba ciki. Ba a daɗe ba yanar ido ta rufe masa gani. A daidai lokacin azurfa ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. An ce masana'antun ƙasashen waje ne ke wawashe ta, suna sa ta a farantan sola. Amare suka koma sayen farin ƙarfe. Ɗansa Wantiti ya kasa sayen abin da zai ƙera, ya rufe maƙera ya tafi Arlit tuƙin mota.

Ni na raka Ghumur Agadas da jakar, domin a yi masa aikin ido. Muka je wurin wani ɗan kasuwa, Alkasum. Ghumur ya fara fito da kayan ɗaya-ɗaya, yana shafawa, yana faɗin shekarar da ya yi kowanne. Alkasum ya saurara cikin ladabi, sannan ya tattara su duka ya ɗora a sikeli.

Ghumur ya ce, "Ɗana, ba ka duba zanen ba."

"Baba, wallahi aikin ya yi kyau. Amma masu saye nauyi suke so. Narkawa za a yi."

"Har na Tekna?"

Alkasum ya sunkuyar da kai. Ya ce in Baba yana so ya cire nata. Ghumur ya lalubo abin wuyanta, ya riƙe shi ya daɗe. Da aka ce sauran ba za su isa aikin idon da abincin tsufa ba, sai ya mayar da shi kan sikelin da hannunsa.

Ba a cuce shi ba, an biya shi da kyau. Aikin ido ma ya yi. Ya dawo Timiya yana gani, da buhun gero da shayi da sukari, bai ƙara neman komai wurin kowa ba.

Amma ya daina tsokanata. Wata rana na same shi zaune a maƙera, ya share ta tas, ya jera guduma da awartaki, babu wuta. Na ce ya tashi mu je lambu, lemo ya nuna.

Ya ce, "Idon ya dawo, ɗan'uwa. Me zan kalla da shi?"

Damina biyu ya ƙara a duniya. Da Wantiti ya zo zaman makoki, ya nemi ko zobe ɗaya na aikin mahaifinsa ya ajiye wa 'ya'yansa. Muka bi gida-gida. Kowa ya riga ya sayar.