Tambayar da Ba a Yi wa Baba Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Hammadu na Yola Gari, kuma har yau in an ce "kwana ne ya ƙare" sai raina ya ɓaci. Na yarda da ƙaddara. Amma ni na san abin da ya faru.

Sankarar hanji ce. An yi masa aiki a shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta, asibiti ba masaka tsinke, likita ɗaya na kai-komo tsakanin gadaje. Ni ina kan keken haya ina neman abin da za mu ci, sai surukinsa Malam Buba, mijin ƙanwata, ya zauna jinya. Likitan baƙo ne, ba Hausa ba Fillanci, Buba ke tafinta.

Kullum likita sai ya tambaya ko tsoho ya yi tusa, ko ya zaga bayan gida, don ta nan ake gane ko ɗinkin hanji ya kama. To wane suruki ne zai dubi Baba ya furta wannan? Sai Buba ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wai yaya jikin?" Baba ya juya fuska bango ya ce, "Alhamdu lillahi." Likita ya wuce. Ciki na kumbura a ƙarƙashin babbar riga, ɗinki ya ɓalle, kafin a farga ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Yanzu ga ƙanwar Baba, Goggo Adda ta Limawa, da ciwo iri ɗaya, jibi za a shiga da ita ɗakin aiki. Likitocin yau sun ɗebi jininta, sun auna ta, sun sa ta taka, sun ba ta wani abu ta matsa. Wai da haka suke hango tsohon da aiki zai ba wahala. Ni ban yi boko mai zurfi ba, ban musa ba. Da Baba na nan, cewa zai yi, "Su hango, Allah ke yi." Ni kuwa tambayata, wace na'ura ce ke auna kunya? Da suka tambayi Goggo ko tana cin abinci, cewa ta yi sosai, alhali kunu ma kurɓa biyu take yi ta ture.

Baba ya bar mana mutunci da kawaici, ban raina ba, da su ake girmama mu a unguwa. Amma jiya na durƙusa gaban Goggo na ce, "Ni zan yi jinyarki, kuma kullum sai na tambaye ki ko kin yi tusa."

Ta ja mayafi ta ce, "Kai dai ba ka gado ubanka ba, marar kunya."

Na ce, "Ki zage ni shekara goma, Goggo. Na ji."