Waƙar Baba da Keken Mai Askirim

Tin-tirin-tin-tin. Da wannan kiɗa keken mai askirim yake shigowa layinmu na unguwar Television a Kaduna, a daidai lokacin da zafin rana ya kwantar da kowa. Wata 'yar na'ura ce a jikin akwatinsa, kiɗa ɗaya ta iya, shi take ta maimaitawa. Nakan zauna bakin taga da littafi a cinya, ina bin sa da kunne har ya ɓace ta hanyar Barnawa. A lokacin nan ne kuma Baba yake barcinsa na rana.

Baba fasto ne, kuma tun kafin a haife ni yake rubuta waƙoƙin sujada. Kalmominsa masu kyau ne, har yanzu wasu sukan sa ni yin shiru. Muryar waƙar ce matsala. Duk wadda ya ɗora wa kalmomin, sai ta fito kamar ana karanta sanarwa. Ga yawan baiti: in ya fara daga halittar duniya, ba ya sauka sai ranar tashin matattu.

A cocinmu kuwa waƙa ba ta rayuwa sai Zumuntar Mata sun ɗauke ta. Su ne masu kai ta gidan biki da gidan makoki, su rera ta suna wanke-wanke, har yara su kama. Mama ce shugabarsu. Waƙoƙin Baba sukan rera su sau ɗaya don girmamawa, da fuskar masu shan magani, daga nan ba a ƙara jin labari.

Shekarar da zai yi ritaya, dattawa suka tambaye shi kyautar da yake so. A gida ya gaya mana amsar gaskiya, yana juya cokali a kofi: ba firji yake so ba, ba agogon bango ba. Waƙa ɗaya yake so da mutane za su rera ko ba ya wurin.

Wata rana ya fito daga barci da singileti, ido jawur, yana kirana. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce an ba shi muryar waƙa a mafarki, in saurara kafin ta gudu. Ya rufe ido ya rera.

Mama tana tsintar wake. Na ga hannunta ya tsaya a cikin faranti. Ta dube ni, na dube ta.

"Fasto, a mafarki ka ce?"

"A mafarki. Kuma abin mamaki, kullum da rana take zo mini."

"I," in ji Mama, "lokacinta ke nan."

Ya ɗora mata kalmomi a kan mai tsallaka gada yana roƙon Ubangiji ya riƙe hannunsa. Duk wanda ya zauna a ƙetaren kogin Kaduna ya san abin da gada take nufi ranar da gari ya rikice. Ban taɓa ganin ya rubuta abin da ya kai wannan ba, kuma gajera ce, don muryar ba ta da wurin ɗaukar kaya da yawa. Da ya gwada ta a Makarantar Lahadi, yara suka kama tun bai gama layin farko ba, har da lasar leɓe. Ya dawo gida yana share hawaye, ya ce bai taɓa ganin irin wannan aikin Ruhu ba.

Na so in gaya masa kiɗan mai askirim ne, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna cokalin nan a kofi. Mama ta ce in bar mata. A wurin koyon waƙa ta ja muryar ta yi mata nauyi, ta sa mai buga tulu ta riƙa bugu a hankali kamar ana rakiyar gawa. Matan duk sun gane. Wata tsohuwa ce kawai ta ce waƙar tana sa ta jin sanyi a haƙori.

Saura abu ɗaya. Kowace Lahadi mai askirim yakan tsaya ƙofar coci yana jiran a tashi. Mama ta aike ni in roƙe shi kada ya zo ranar bankwanan Baba. Na yi ta kame-kame, shi kuwa ya yi dariya ya ce ba komai, a gaida Baba Fasto.

Ya cika alkawari. Abin da ba mu sani ba shi ne, duk masu keken irin na'ura ɗaya gare su, kuma wurin da ɗaya ya bari, wani ke samu.

Ranar, coci ya cika har waje. Mata suka miƙe cikin ankonsu, tulu ya fara, waƙa ta tashi a hankali, da nauyi, da kyau. Baba yana zaune gaban mumbari, ido a rufe. Muna tsakiyar baiti na biyu sai ga shi ta taga: tin-tirin-tin-tin. Kawunan yara suka juya gaba ɗaya. Mai tulu ta yi ƙoƙarin riƙe nata bugun, amma hannunta ya bi keken. Mata suka bi tulu, jama'a suka bi mata. Kafin amshi, coci duka yana gudu tare da mai askirim, kafaɗu suna rawa, wani dattijo ya cusa fuska cikin hularsa.

Baba ya buɗe ido ya ɗaga hannu. Aka yi tsit, sai na'urar kaɗai a waje. Ya karkata kai ya saurare ta har ta kai ƙarshe ta sake farawa. Ni dai ƙasa nake kallo.

"Kun ji?" ya ce. "Har ta fita waje."

Dariyar da aka danne ta fashe, shi ma ya yi. Sannan ya ce a sake ɗauka daga farko, da saurin da mai keken ya ba mu. A gida bai taɓa ta da maganar ba, mu ma haka. Sai dai daga ranar ya koma barcin rana a ɗakin baya.

Bayan shekaru, na gama jami'a, na raka wata ƙawata jana'izar kakanta a wani ƙauye bayan Kafanchan, inda keken askirim bai taɓa shiga ba. Da aka ɗauko akwati, mata suka fara waƙar mai tsallaka gada, a hankali, yadda Mama ta so ta, suna kuka. Na tambayi tsohuwar da ke kusa da ni ko ta san wanda ya yi ta. Ta ce ai wannan tsohuwar waƙa ce, ba mai ita, a bakin iyayensu suka same ta.