Na kashe fanfon Tagris ina zaune Dakoro

Jama'a, yau na shiga uku!

Kun san ni ke rubuta pilot ɗin fanfon sola, ɗan shirin nan mai ba inji umarni. Kullum sai na gwada shi da injin ƙarya na cikin ordinatar, wato kwamfuta, wanda muke ce ma similatar. Da safe na haɗa su. Na danna kunna, ya kunna. Na danna kashe, ya kashe. Na sake maimaitawa, har ina murna!

Sai ga kiran Baba Ardo, mai kula da rijiyar Tagris.

"Ɗana, fanfo ya haukace! Ya tashi, ya mutu, ya tashi. Yanzu ya mutu ɗungurungum, ga shanu cike da bakin rijiya."

Na duba allo. Innalillahi! Ashe ba da similatar na haɗa ba, da fanfon gaske ne!

Na kai hannu in kunna, rezon intanet ya ɗauke!

Na ce, "Baba, buɗe akwatin injin ka tashe shi da hannu."

Ya ce, "Da wane makulli? Ai kai ka tafi da shi."

Na laluba aljihu. Wallahi ga shi!

Don Allah, wa ke da moto, wato babur, cikinku ya kai ni Tagris? Ina tsaye bakin tasha.