Mamacin da Na Je Nema a Bukuru

Ana sallame sallar asuba muka hau lori daga Bauchi, ni da wan Garba maƙwabcina, sule huɗu kowa. Ya juya mini baya, kuma ban ga laifinsa ba. Ni malamin makaranta ne, ina kuma aika wa wata jarida labarai. Makonni uku kafin nan wani direba ya gaya mini a tasha cewa rami ya rufta da masu haƙar kuza a Bukuru, har da Garba. Na rubuta kamar a gabana aka yi, aka buga, aka yi zaman makoki, matarsa ta shiga takaba. Sai ga wata mai fataucin dankali ta zo tana rantsuwa ta gan shi da ransa.

Lorin nan tsohuwa ce, kowane hawa sai ta tsaya ta huce. Fasinjoji na gyangyaɗi, ni kuwa in sauka, in zaga mota, in koma, har direba ya tambaya ko cinnaku ne a bencina. Da azahar muka shigo Jos ta Titin Bauchi, sanyi ya tarye mu tun daga bakin gari. Muka sayi gwate na kwabo biyu. Abokin tafiyata ya shanye nasa, nawa ya huce a gabana.

Hanyar Bukuru duk tulin jar ƙasa ce da ramuka cike da koren ruwa. A kasuwa aka nuna mana shagon wani tsohon tela Bayarabe, inda 'yan Bauchi ke sauka. Muna leƙawa sai ga Garba a kan benci, ƙafarsa a ɗaure da karare, yana cin gyaɗa. Ramin ya rufta da gaske, amma karaya kawai ya samu. Wansa ya rungume shi yana kuka, ni kuma kunya ta hana ni shiga.

Baba tela ne ya jawo ni ciki, da ya ji ni ne na rubuta labarin. Ashe shi ya karanta wa Garba labarin mutuwarsa, mamacin ya ce a maimaita masa. Ya zaro wasu tsofaffin jaridun Amurka daga ƙarƙashin tebur, sun yi ja don tsufa. Da su ake naɗo kayan injin haƙar kuza, shi kuma yana yanka samfurin kwat da su, amma sai ya karanta tukuna. Ya bi wani labarin gobara da bakin almakashi yana nuna mini kalma guda ta Turanci, wadda ko ɗan aji ɗaya ya sani, mai nufin "ya ce". Ɗan sanda ya ce, likita ya ce, mai gidan ya ce. Ko gawarwaki ma ba su ƙirga da bakinsu ba, sai da suka faɗi wanda ya ƙirga.

"Oga Malam," in ji shi, "naka labari ya yi daɗi, amma ba wanda ya ce. Wa ya ce?"

Ko sunan direban ban sani ba.

Washegari muka juyo, da guntun jaridar a aljihuna. Ban tsaya gida ba, na wuce zauren su Garba, na yi sallama da matarsa, na gaya mata mijinta na nan da rai, zai dawo da zarar ƙafa ta ɗinke. Daga bayan ƙofa ta ce, "In ji wa?"

Na ce ni na gan shi da idona. Sai da wan mijinta ya matso ya ce gaskiya ne, sannan muka ji kukanta.

Abin da na koyo a Bukuru ke nan: yanzu duk labarin da zan aika sai na sa wanda ya faɗa. Jarida ta buga gyara a layi uku. Amma a unguwarmu har yau in na ce an yi ruwa, sai an leƙa waje.