Yunwar da Nasiru bai taɓa ji ba

Jiya a taksi na ji sabuwar waƙar Nasiru, ɗan maƙwabciyata Hajiya Rabi da ya zama mawaƙin hip hop. Wai a titin Bronx ya tashi, ba uwa, ba abinci.

Nasiru fa! Yaron da uwarsa ke dawowa daga aikin jinyar tsofaffi, ƙafa a kumbure, ta tuƙa masa tuwo!

Na kira shi na ce, "Kai, yaushe ka kwana da yunwa?"

Ya yi dariya. "Anti, business ne. Labarin wahala ake saye."

Na ce, "To uwarka ka sayar."

Ita kuwa sai tura wa dangi waƙar take da alfahari, don ba ta gane Turancinsu. Jama'a, in fassara mata?