Yashin da Malam Sale Bai Ɗiba Ba

Duk wanda ya taɓa yin gini a unguwarsu a Dutse, ko da akurkin kaji ne, da wuya a ce yashin Malam Sale bai shiga ciki ba. Da jakin mahaifinsa ya fara tun yana saurayi a wani ƙauye ta wajen Jahun, daga baya ya koma amalanken shanu, har masu tifa suka zo suka kwashe manyan ayyuka suka bar masa gyaran katanga da daɓe. Bai taɓa ƙorafi ba, don shi dama ba mai magana ba ne. In ya damƙi yashi ya murza, zai ce maka wannan na bulo ne, wancan na filasta, hira ta ƙare ke nan. Maganar gidan duk tana bakin matarsa, Inna Fatsuma mai waina, wadda in ta kira jikarta daga bakin tanda sai an ji a masallacin unguwa.

Wata safiya bayan kaka ludayi ya suɓuce mata, ƙafar dama kuma ta ƙi ɗaukar ta. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin jiki. Aka sallame ta da magani da gargaɗi guda: ta riƙa takawa kullum, in ta faɗi ta tashi, don in ta zauna ƙafar ba za ta dawo ba.

To, a nan ne mutanen kirki suka kusa kashe ta da alheri. Matar da ta ciyar da unguwa tun ana 'yan mata, wa zai ƙi zuwa dubiyarta? Tun hantsi ake sallama, wannan da kunu, waccan da lemo, kowa bakinsa ɗaya: "Sannu Inna, kwanta abinki, kada ki motsa." Ta yunƙura, hannu huɗu sun mayar da ita kan katifa. Kuma ba a korar mai dubiya. Ranar da ta dage ta miƙe a tsakar gida, sai ta kife a gaban mata, aka ɗauki salati, wata har da kuka. Tun daga nan ta ƙi sake gwadawa.

Ta ce, "Malam, gara in ƙare a zaune da in riƙa rarrafe a gaban yaran da na goya."

Ɗansu Kamilu ya ce iska take bukata. Ya ɗauko a-daidaita-sahu ya kai ta bakin dam wata Lahadi, suka tarar da 'yan yawon shaƙatawa kamar ana rabon wani abu: ɗalibai, masu kiɗa a lasifika, kowa ya ɗaga waya yana hoto. Inna Fatsuma ko sauka ba ta yi ba, ta ja mayafi ta rufe fuska har suka dawo gida.

Tsoro ya kama Malam Sale sosai, don ya ga ƙafar ta fara ramewa. Akwai wata kwanar kogi da ya sani, can bayan wasu ɗorayi, inda zaizaya ta cinye hanya har tifa ba ta iya shiga. Neman wani sa nasa da ya tsinke igiya ne ya taɓa kai shi wurin. Yashi ne fari, mai laushi kamar garin tuwo, ga ɗan siririn ruwa yana bin gefe. Bai taɓa ɗibar ko shebur ɗaya ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Ajiya ya yi wa tsufansa, don ranar da yashin kusa zai ƙare.

Washegari bayan asuba ya shimfiɗa katifa a amalanke, ya ɗora Inna Fatsuma a kai. Makwabta suka ce wajen mai magani ya nufa, shi kuwa ya bar su a haka.

Da suka isa ta daɗe tana waige-waige. Ba motsin kowa sai balbelu, sai wani makiyayi can nesa da ya ɗaga musu sanda ya karkata da shanunsa.

"Ba kowa?"

"Sai ni da shanun nan, Tsohuwa. Kuma dukanmu ba ma magana."

Ta miƙe ta faɗi. Yashi ya tare ta, ko ƙwarzane babu. Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya ce sannu. Ta ce masa mugu tunda ya tsaya yana kallo, sannan ta fashe da dariyar da ya kwana biyu bai ji ba, ta kama kafaɗarsa ta sake tashi.

Haka suka yi ta yi duk rani. Shi idonsa yana ƙasa, kamar yadda ya saba. Da fari sawun hagu ne kaɗai ke fita, na dama kuwa dogon layi, kamar an ja sanda. Sannu a hankali layin ya fara tsinkewa, dunduniya ta bayyana. Sai dai zafi ya yi ta ƙaruwa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma ya san da ruwa ya sauka kogi zai karɓe abinsa.

Ranar da aka kwana ana walƙiya, ta ture hannunsa ta ce ya tsaya nan. Ta taka ita kaɗai har bakin ruwa, ta sunkuya ta wanke fuska. Malam Sale ya tsugunna kan sawun. Ƙafa biyu ne, kowace da yatsunta. Daɗi da godiyar Allah suka cika shi har ya kasa riƙe hawaye, ya goge da hularsa kafin ta juyo.

Yanzu ta koma bakin tanda, da ɗan ɗingishi, muryar kuwa tana nan daram. Yashin kusa ya ƙare kamar yadda ya yi tsoro, yana tafiya nesa neman yashi duk da tsufansa. Kamilu ya taɓa ce masa, "Baba, ga wancan na kwanar kogi yana zaune." Ya ce wancan ya riga ya yi aikinsa, kuma bai gama ba.

Bara makwabciyarsu Hindatu ta faɗi da irin wannan ciwo. Inna Fatsuma ta shiga dubiya da ƙafarta, ta tarar ɗaki cike, ana ta "kwanta abinki". Ta gaisa da kowa, ta dubi ƙafar Hindatu, sannan ta leƙa ta katanga.

"Malam, ɗaura shanun."